Yadda ake kare amya daga iskar hunturu

Duk shekara sai wani ya zo min da kuka iri ɗaya: ƙudan zuma sun shiga amya, mangwaro da ɗorawa sun yi fure, amma an zo ɗiba saƙa ba komai. Na sha ganin haka a gonakin bayan Talata Mafara, kuma galibi inda aka kafa amyar ne matsalar.

Ƙudan zuma yana gudun wajen kilomita 24 a awa, in ya ɗauko ruwan fure kuma sai ya yi nauyi, gudun ya ragu. Ranar da iska ta kai haka, yawancinsu ba sa fita, abin da suka tara suke ci.

Fara da juya bakin amya kudu. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, hadarin damina kuma daga gabas. Masu cewa a fuskantar da ita gabas don rana ta tashe su da wuri, ni ban bi su ba. Yamma kuwa ranar la'asar ta yi zafi.

Sai shinge, kuma a nan sababbi ke faɗuwa, har da ni. Shekarata ta farko na sayi langa-langa mai tsada na kafa dab da amyoyina, ina ganin na gama da iska. Ashe in ta bugi abin da ba kafa, hawa take yi ta faɗo ta baya tana juyi, kamar ruwan gulbi a bayan dutse. Iska mai tafiya miƙe, ƙuda ya san dabararta, sai ya yi ƙasa-ƙasa ya bi gefen kurmi. Mai juyin nan ce ke ka da shi. Na tsuguna da hantsi ina kallonsu suna dawowa, ƙafafu jingim da garin fure rawaya, saura kamu ɗaya su sauka sai a wurgar da su ƙasa, ga tururuwa na jira.

Zana za ka kafa ta wajen da hunturu ke busowa, tsohuwa mai huji ma ta fi, ko karan dawa da ba a matse ba, yadda iska za ta ratsa a hankali. Tsayinta ya kai na mutum, amya kuma ta ja baya kamar taki biyar ko shida. Kafin ka ɗora amyar, ɗebo toka ka watsa a wurin ranar da ake iska. In ta tafi miƙe sannu-sannu, wuri ya yi. In ta yi ta zagaye tana dawo maka fuska, matsa gaba ka sake.

Ajiye musu ruwa a kasko cikin shingen, da tsakuwa a ciki don sauka. In amyar a bisa itace take, sauko da ita reshen ƙasa mai kauri, ka ɗaure ta tamau kafin iskar bazara.