Idan Loma ta Tsaya: Wahalar Haɗiya da Abin da Ya Kamata a Yi

Hanya biyu ce a wuyan mutum, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ta gaba ta iska ce, ita ke kai numfashi huhu. Ta baya ta abinci ce, ita ke kai loma ciki. A gindin harshe suke rabuwa, kuma akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da yake rufe bakin hanyar iska duk sa'ad da aka haɗiyi abu. Ku riƙe wannan da kyau, domin taimakon da ake yi wa wanda loma ta shiga masa hanyar iska daban yake da na wanda ta tsaya masa a hanyar abinci. Na farko minti kaɗan gare shi. Na biyu yana da 'yan sa'o'i, amma sau da yawa masu son taimakonsa ne suke ƙara masa ciwo.

Yadda hanyar abinci take

A jikin babba, tsawon hanyar abinci kusan santimita 25 ne, faɗinta kuma kusan santimita 2. Tana bi ta bayan hanyar iska da bayan zuciya kafin ta isa ciki. Loma ba faɗawa take yi kamar dutse a rijiya ba. Tsoka ce take matso ta daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda ake tatsa, kuma takan ɗauki daƙiƙa 8 zuwa 10 kafin ta isa. Akwai zoben tsoka a farkon hanyar, akwai wani a ƙarshenta. Na ƙarshen shi ne yake buɗewa loma ta shiga ciki, sannan ya rufe don kada ruwan ciki mai tsami ya dawo sama.

Wuri uku ne hanyar take da ƙunci tun asali. Idan aka auna daga haƙoran gaba, na farko yana wajen santimita 15, na biyu wajen santimita 25, inda babbar jijiyar jini ta gitta, na uku wajen santimita 40, dab da bakin ciki. Ƙayar kifi da ƙashi sun fi kamawa a sama. Gunduwar nama ta fi tsayawa a ƙasa. Idan cuta ta tsuke hanyar har faɗinta ya kasa milimita 13, abinci mai tauri zai riƙa tsayawa ko da an tauna shi.

Tambaya ta farko: yana numfashi?

Idan mutum yana cikin cin abinci ya dafe wuya, ku tambaye shi: "Ka shaƙe?" Idan ya amsa da murya, ko yana tari mai ƙarfi, iska tana wucewa. Ku bar shi ya yi ta tari, kada ku ba shi ruwa. Idan kuwa ya kasa magana, tarin ba ya fita, leɓensa ya fara sauya launi, to hanyar iska ce ta toshe. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Wani ya nemi motar asibiti, ku kuma ku yi wannan nan take:

1. Ku tsaya a gefensa ta baya, ku sunkuyar da shi gaba, ku tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya. Ku buge shi da gindin tafin hannu a tsakanin kafaɗu, da ƙarfi, har sau 5. Bayan kowane bugu ku duba ko abin ya fito.
2. Idan bai fito ba, ku rungume shi ta baya. Ku dunƙule hannu ɗaya, ku ɗora tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, ku kama da ɗaya hannun, ku fizgo ciki da sama a lokaci guda, har sau 5.
3. Ku ci gaba, biyar nan, biyar can. Idan ya suma, ku kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ku fara danna tsakiyar ƙirjinsa.

Mai juna biyu da mai ƙiba sosai ba a danna musu ciki, tsakiyar ƙirji ake dannawa. Jaririn da bai kai shekara 1 ba ana kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga bayansa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. Kada a zura yatsa a lalubi abin da ido bai gani ba, tura shi ciki kawai za a yi. Duk wanda aka danna wa ciki, ko abin ya fito, likita ya duba shi.

Yana numfashi, amma loma ta ƙi wucewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutumin yana magana, yana nuna tsakiyar ƙirjinsa, yana cewa abu ya tokare shi. Sai wannan ya miƙo ruwa ya ce ya kwankwaɗa, wancan ya ce ya danna da wata loma, wani kuma ya ce ya sa yatsa ya yi amai. Duka ukun ba daidai ba ne. Fatar hanyar abinci siririya ce. Loma a kan loma tana ƙara matse ta, yunƙurin amai da ƙarfi yana iya tsaga ta, ruwan da bai sami hanya ba kuma dawowa zai yi ya faɗa huhu. Hodar da ake sa wa nama don ya yi laushi ma haɗari ce, domin yadda take cin nama haka take iya cin fatar hanyar.

Abin yi shi ne ya daina cin komai, ya zauna a miƙe, ya natsu, a ba shi kwano ya riƙa tofar da yawu. Sai a lura da yawun, domin shi ne ma'auni. Jiki yana yin kusan lita 1 na yawu a kullum, kuma duk ta hanyar nan yake bi. Idan yawu yana wucewa, hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba. Yana iya kurɓar ruwa kaɗan sau ɗaya ko biyu, ya ɗan jira, don sau da yawa lomar takan sauka da kanta idan tsokar ta saki. Idan ruwan ya dawo, kada ya sake gwadawa. Idan sa'a guda ta wuce abin yana nan, a tafi asibiti. Ƙa'idar likitoci ita ce kada loma ta wuce sa'o'i 24 a wurin.

Amma idan yawu ma ba ya wucewa, yana ta dalala, to hanyar ta toshe ruf, ba a jira. Irin wannan ana so a cire shi cikin sa'o'i 6. Haka kuma ba a jira idan abin da aka haɗiya mai kaifi ne, kamar ƙashi, ƙayar kifi, fil ko haƙoran roba masu waya. Ciwon ƙirji mai tsanani, zazzaɓi, aman jini, ko kumburin wuya da yake yin ƙara ƙus-ƙus idan aka taɓa, alama ce hanyar ta huje, kuma wannan yana kisa.

Mutane da yawa sun yarda lemon kwalba mai gas yana tura loma. An gwada wannan a asibitocin ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 2023: waɗanda aka ba lemon ba su fi waɗanda suka jira kawai samun sauƙi ba. Saboda haka kada kwalbar lemo ta ɓata muku lokaci.

Batirin agogo mai kama da maɓalli yana da nasa hukuncin. Idan ya maƙale wa yaro yana ƙona hanyar abinci cikin sa'o'i 2, ko da yaron yana wasa kamar ba abin da ya faru. A tafi asibiti nan take. Idan yaron ya kai shekara 1 kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a hanya, kada ya wuce sau 6. Zumar rage ƙunar take yi, ba ta fitar da batirin.

Me ya sa ta tsaya?

Gaggawa, hira da loma a baki, rashin haƙoran tauna da barasa duk suna taimakawa. Amma idan aka leƙa hanyar abincin babban da nama ya maƙale masa, galibi akan tarar da wata cuta a ƙasa. Don haka ko lomar ta sauka da kanta, maganar ba ta ƙare ba. Likita zai yi tambaya biyu: a ina abin yake tsayawa, kuma wane irin abinci ne?

Idan tun farkon haɗiya ake shan wahala, ana ƙwarewa, ana tari, ruwa yana fitowa ta hanci, murya tana yin kamar mai kurkure maƙogwaro, matsalar ta jijiyoyi da tsokar maƙogwaro ce. Ana ganin haka ga mai shanyewar ɓarin jiki, mai cutar Parkinson mai sa karkarwa, da tsofaffi masu cutar mantuwa.

Idan haɗiyar ta tafi lafiya, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi abin ya tsaya a ƙirji, matsalar tana cikin hanyar abinci. Wanda ya shekara yana fama da ƙwannafi, ruwan ciki mai tsami yakan ƙona ƙasan hanyar, ƙunar ta warke da tabo, tabon ya tsuke ta. Wanda abin yake zo masa jefi-jefi, yau nama ya tsaya, sai ya yi watanni lafiya, sau da yawa wani siririn zobe ne na fata a ƙasan hanyar. Saurayi mai asma ko borin jini da abinci yake maƙale masa, akan sami wani kumburi da rashin jituwar jiki da wasu abinci yake kawowa. Idan ruwa da abinci mai tauri duka suna tsayawa tun farko, kuma abincin jiya yana dawowa baki da dare ba tsami, ana zargin akalasiya, wato zoben ƙasa ya ƙi buɗewa. Yaron da ya taɓa shan sodar yin sabulu ko ruwan batir, hanyarsa takan tsuke bayan makonni. Zafi lokacin haɗiya tare da farin abu a harshe yana nuna funfuna, kuma ya kamata a auna garkuwar jiki da sukarin jini.

Wanda bai kamata a yi wa jinkiri ba ko na mako guda shi ne wannan: abin ya fara da nama, bayan 'yan makonni ya kai ga abinci mai laushi, daga baya har ruwa, mutum kuma yana ramewa. Haka sankarar hanyar abinci take tafiya, musamman ga wanda ya haura shekara 50, mai shan taba ko barasa. A 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ta. Abin takaici, masu wannan ciwo sukan yi ta sauya abinci suna lallaɓawa, ba sa zuwa asibiti sai ruwa ya ƙi wucewa.

Akwai kuma mai jin kamar ƙulli a maƙogwaro alhali abinci da ruwa suna wucewa lafiya, har ma yakan ji sauƙi idan yana ci. Wannan yawanci ba shi da haɗari.

A asibiti

Babban gwajin shi ne endoskofi: siririn bututu mai kyamara, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da ake zurawa ta baki bayan an fesa maganin kashe zafi ko an ba da na barci. Da shi ake ciro lomar ko a tura ta ciki a hankali, a ɗebi ɗan tsokar wurin don awo, a kuma buɗa inda ya tsuke da balan-balan. Idan ba na gaggawa ba ne, ana barin abinci sa'o'i 6 kafin a yi. Hoton ƙirji ba ya nuna nama, ba ya nuna ƙayar kifi da yawa, don haka hoto mai kyau ba shaida ba ne cewa babu komai. Mai tabon ƙwannafi akan ɗora shi kan magani mai rage tsamin ruwan ciki irin omefrazol, ana sha minti 30 kafin karin kumallo. Wanda ya daina sha da ya ji sauƙi, tabon yakan dawo.

Ciyar da mai wahalar haɗiya

Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma wasunsu abinci yana shiga musu huhu ba tare da sun yi tari ba, sai dai a ga zazzaɓi da namoniya bayan kwana biyu. Kada a ba su komai ta baki kafin ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsu. Idan an yarda su ci, a zaunar da su a miƙe, kada kai ya karkata baya. A yi amfani da ƙaramin cokali, a jira loma ta wuce kafin a ƙara wata, a leƙa kuncin ɓangaren da ya shanye, don nan abinci yake taruwa. Ruwa tsantsa ya fi abu mai kauri saurin ƙware su. Mai gyangyaɗi ba a ciyar da shi. Bayan an gama su zauna minti 30, sannan a wanke musu baki, domin ƙwayoyin cutar bakin da ba a wanke ba su ne suke bin yawu zuwa huhu.

Ƙwayar magani ma tana maƙalewa ta ƙona wurin, musamman doksisaikilin, ƙwayar ƙarin jini, asfirin da ibuprofen. A sha a zaune ko a tsaye, da cikakken kofin ruwa, kusan mililita 250, kada a kwanta sai bayan minti 30. Kada a daka ƙwaya ko a fasa kafso sai an tambayi mai ba da magani, domin wasu an yi su ne don su narke sannu a hankali.

Aikin aji

Ku tashi bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya nuna a jikin abokinsa inda ake bugu tsakanin kafaɗu, da inda ake ɗora dunƙulallen hannu a saman cibiya. Ku ɗora hannu kawai, kada ku fizga. Fizgar tana iya karya haƙarƙari ko ta ji wa kayan ciki rauni, wanda ya shaƙe da gaske kaɗai ake yi wa ita.