Kurakuran da Masu Sana'a Ke Yi Tsakanin Gabatar da Fodkas da Zuwa Baƙunci a Shirin Wasu

Mai sana'ar da ya shiga harkar fodkas, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet kowa ya saurara lokacin da ya ga dama, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya buɗe nasa shirin ya zama mai gabatarwa, ko ya riƙa zuwa shirye-shiryen wasu a matsayin baƙo. Kowace hanya da aikinta. Baƙunci shi ke kai muryarka kunnen waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Shirinka kuwa shi ne gidan da suke dawowa mako bayan mako, har su saki jiki da kai su yarda su ba ka kuɗinsu. Kusan duk kurakuran da zan ambata daga wuri ɗaya suka taso: ɗora wa wannan aikin wancan.

Jiran shirinka ya nemo maka jama'a

Wannan shi ya fi cin mutane, kuma shi ya fi ba ni tausayi, domin masu yinsa galibi masu ƙwazo ne. Mutum zai sayi makirufo, ya yi watanni yana fitar da kashi bayan kashi, in ya duba sai ya tarar waɗanda suka riga suka san shi ne kaɗai ke saurare. Sai ya ɗauka laifin kayan aiki ne, ya ƙara zuba kuɗi.

Matsalar tana cikin yadda aka gina fodkas tun asali. Kana ɗora sautinka a wurin kamfanin da ke ajiye maka shi, kamfanin ya samar da wani adireshi da ake kira RSS, sannan manhajoji irin su Apple Podcasts su riƙa ɗauko sabon kashi daga can suna kai wa waɗanda suka riga suka bi shirin. Tsari ne na isar da saƙo ga mai jira. Ba irin TikTok ba ne da kan iya jefa bidiyonka gaban baƙin ido cikin dare ɗaya. YouTube ya ɗan bambanta, tunda yana nuna wa mutane abin da ba su nema ba, shi ya sa da yawa suke haɗa shirinsu da bidiyo yanzu. Amma ko a can ɗin, sabon shiri sai ya yi haƙuri.

To ina masu sauraron fodkas suke? Suna cikin shirye-shiryen wasu. Wanda ya riga ya saba sauraron hirar minti arba'in ya fi sauƙin jawowa fiye da wanda za ka fara koya wa mene ne fodkas ma. Zumunta a ƙafa take; ka taka ka je inda suke.

Buɗe shiri kafin ka taɓa zama baƙo

Lissafa abin da kashi ɗaya ke ci: neman baƙo, daidaita lokaci da shi, karatu a kansa, naɗar hirar, tace sauti, rubuta bayanin kashin, yanka gajerun bidiyo na tallata shi. Cikin sauƙi yini guda ya tafi. Baƙo kuwa ya yi shiri, ya zo ya yi magana, sauran ɗawainiyar ta mai gida ce.

Shawarata, ka yi baƙunci kamar sau goma kafin ka buɗe naka. A nan za ka gane wace magana ce in ka yi mai gabatarwa ke cewa "tsaya, maimaita wannan", wace ce kuma ke wucewa shiru. Tambayoyin da aka yi ta maimaita maka su ne jigon shirin da ya kamata ka buɗe. Wasu ma a ƙarshe sukan gane baƙuncin ya ishe su, kuma babu kasawa a cikin hakan.

Tauna taura biyu

Idan ka riga ka buɗe shiri, kada ka ɗora wa kanka fitar da kashi kowane mako, ga baƙunci kowane mako, ga kuma ainihin sana'ar da ke ciyar da kai. Abin da ke biyo baya sananne ne: shirin ya fara jinkiri, ya koma sau ɗaya a wata, wata rana ya yi shiru ba sallama.

Gyaran shi ne aiki zango-zango. Tun 2017 Apple ya ƙara wa tsarin fodkas damar raba shiri zuwa zango da sa masa ɗan gajeren sautin gabatarwa, saboda haka masu sauraro sun saba da shirin da ke hutu. Ka naɗi kashi takwas ko goma a jere, ka tsara ranakun fitarsu, sannan a watannin da suke fita ka mayar da hankali ga ziyartar shirye-shiryen wasu. Ta haka duk wanda ya ji ka a can, in ya biyo sawu, zai tarar da gida a raye. Idan kuma hutu za ka tafi, ka faɗa da bakinka, ka faɗi watan dawowa.

Farautar manyan shirye-shirye da saƙo iri ɗaya

A ce kana sayar da manhajar lissafi ga ƙananan 'yan kasuwa. Shirin da masu shaguna ɗari biyar ke saurara ya fi maka shirin barkwanci mai mabiya dubu ɗari. Yawan kunnuwa ba shi ne yawan masu saye ba.

Sai kuma yadda ake neman gayyatar. Mai gabatarwa yana gane saƙon da aka tura wa mutum hamsin tun daga layin farko. Ka saurari aƙalla kashi biyu na shirin. Ka ambaci wani abu takamaimai da aka tattauna, ka nuna giɓin da aka bari, ka kawo batu biyu ko uku da za ka iya cike shi da su. Tarihin rayuwarka ya tsaya a layi biyu. Abin da ke damun mai shiri shi ne me masu sauraronsa za su tafi da shi.

Mayar da hira talla, ko fita ba tare da nuna ƙofa ba

Kurakurai biyu ne masu kishiyantar juna, kuma na ga mutum ɗaya ya faɗa duka biyun a lokuta daban-daban.

Na farko, baƙon da kowace tambaya sai ya karkato da ita kan hajarsa. An tambaye shi yadda ake riƙe kwastoma, ya ce amsar tana cikin kwas ɗinsa. Mai sauraro ba yaro ba ne. Yana jin ƙanshin talla zai danna gaba, mai shirin kuma ba zai sake kiranka ba, ba zai faɗa wa takwarorinsa alheri a kanka ba. Ka ba da ilimin a cike, da misali, da kuskuren da kai ma ka taɓa yi. Tsoron cewa in ka faɗi komai babu mai saye ba shi da tushe. Wanda ya gwada shawararka ya ga ta yi aiki shi ne zai nemo ka.

Na biyu, baƙon da kunya ta hana shi faɗin inda za a same shi, ko kuma wanda aka ce masa "ina za a same ka?" ya jero Facebook da Instagram da LinkedIn da shafinsa da lambar waya. Ka tuna halin da mai sauraro ke ciki: yana tuƙi, ko yana tafiya, ko hannunsa na cikin aiki. Ba ya rubuta komai. Abu ɗaya kawai zai riƙe, in ma ya riƙe. Saboda haka ka shirya adireshi ɗaya, gajere, mai sauƙin faɗa da baki, wanda zai kai shi ga abin da ya danganci hirar da ya ji. Idan kana da shirinka, ambaci kashi guda da sunansa, wanda ya ɗora daga inda hirar ta tsaya. Baƙo raɓa ne. Minti arba'in ɗin nan na wucewa, abin da zai saura shi ne wannan ƙofa ɗaya da ka nuna.

Ɓuya a bayan baƙi

A ɓangaren gabatarwa akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba. Ka yi kashi hamsin duk hira ce, kai dai tambaya kake yi. Masu sauraro sun san baƙinka masana ne, amma ba su san me kai ka iya ba. Ka riƙa sa kashin da kai kaɗai ne ke magana, ko ka ware mintuna biyar a ƙarshen hira ka faɗi naka ra'ayin, har da inda ka saɓa da baƙon.

Kada kuma ka gayyato mutum don yawan mabiyansa kawai. Shahararren baƙo ya shiga shirye-shirye da yawa, ba lallai ya tallata naka ba, kuma labarin da ya faɗa a ko'ina shi zai maimaita maka. Haka ma yarjejeniyar "ka zo nawa in zo naka": tana da amfani idan mutumin ya cancanta, amma in ka karɓi gayyatar wanda ba za ka so ka sa a gaban masu sauraronka ba, ka ci ladan kuturu, aski ya zama dole.

Dogaro da adadin saukewa

A ƙa'idar IAB Tech Lab, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan tallan intanet, wadda kamfanonin ajiye fodkas da yawa ke bi, ana ƙirga saukewa ne idan na'ura ta ɗauko abin da ya kai sautin minti ɗaya. Ba ta tabbatar da cewa wani ya saurara ba. An ga haka ƙarara a ƙarshen 2023, lokacin da Apple ya sauya yadda wayoyinsa ke sauke kashi da kansu a iOS 17, wato tsarin da ke tafiyar da wayoyin iPhone: alƙaluman shirye-shirye da dama suka zube, alhali mutanen da ke saurare suna nan yadda suke.

Abin dubawa shi ne har ina mutane ke kaiwa cikin kashi kafin su bari, wanda Apple da Spotify da YouTube duk suna nuna wa mai shiri. Na baƙunci kuma, ka tambayi kowane sabon kwastoma: "A ina ka fara jin labarinmu?" Ka rubuta amsar. Kada ka yanke hukunci cikin mako ɗaya, domin kashin fodkas yana nan, wani sai bayan shekara zai ci karo da shi.

Sannan ka tara imel ɗin waɗanda suka amince su ba ka. Google ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts a 2024, masu amfani da ita suka watse zuwa wasu manhajoji. Mai jerin imel ya iya gaya wa mutanensa inda za su same shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna zubar da mutunci. Kada ka shiga hira da makirufon kwamfuta a ɗaki mai amsa-kuwwa. Ka sa abin sauraro a kunne don kada muryar mai gabatarwa ta koma cikin naka makirufon. Kada ka yi ta yawo da labari ɗaya daga shiri zuwa shiri, domin masu biyo ka suna jin maimaicin. Idan biya ka yi aka sa ka a shiri, a sanar da masu sauraro. A Amurka ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FTC, tana buƙatar a bayyana irin wannan alaƙa. In kashin ya fito kuma, ka yaɗa shi kamar naka ne, ka aika wa mai shirin godiya, ka tambaye shi ko akwai wani mai shiri da yake ganin ya dace ya haɗa ku.