Darasi na 7: Ku Tsaya Ku Duba Kafin Ku Ɗauki Hoto

Yawancinmu muna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Idan muka yi tafiya muka ga tsauni, ko kogi, ko gajimare ya yi ja da yamma, sai mu zaro waya mu danna, mu wuce. In muka koma gida muka buɗe hoton, sai mu ga bai kama ƙafar abin da ido ya gani ba. Sau da yawa wayar ba ta da laifi, gaggawarmu ce ta ɓata hoton.

Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara, wani Bafaranshe ne mai suna Nisefor Niyeps ya ɗauke shi ta tagar gidansa, wajen shekarar 1826 ko 1827. Gine-ginen farfajiyar gidan ne a cikinsa, amma sai da haske ya yi aƙalla awa 8 yana shiga akwatin kyamarar kafin hoton ya kama. Mu yau ƙiftawar ido ta ishe mu. To, minti 5 da za ku ba wuri kafin ku ɗauke shi bai yi yawa ba.

Idan kun isa wurin, ku bar wayar a aljihu tukuna. Ku tsaya, ku saurari iska da kukan tsuntsaye. Ku tambayi kanku: mene ne ya tsayar da ni a nan? Inuwar bishiyar nan ce, ko ƙyallin ruwa? Abin da ya tsayar da ku, shi za ku ɗauka, sauran ku bar shi a waje.

Sai maganar haske, kuma a ganina ita ce babba. Lokaci mafi kyau shi ne awa ɗaya bayan fitowar rana, da awa ɗaya kafin faɗuwarta. A lokacin rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana ratso iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su rage. Yana kuma zuwa ta gefe, inuwa ta yi tsawo, kowane tudu da kwari ya fito fili, har zanen da iska ta yi a kan yashi. Da tsakar rana kuwa haske daga sama yake dukan ƙasa, inuwa ta gajarce, launuka su koɗe. Idan hadari ya haɗo, kada ku yi saurin mayar da waya. Sararin sama a lokacin yana da kyau ƙwarai.

A cikin saitin kyamarar yawancin wayoyi akwai layuka biyu a tsaye da biyu a kwance, masu raba fuskar waya gida 9. Ku kunna su. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ya bi ɗaya daga cikin na kwancen, kada ya karkace. Bishiya ko dutsen da kuke so, ku ajiye shi inda layuka biyu suka gitta juna.

Ku goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Ku manne gwiwar hannu a jiki don kada hoto ya girgiza. In abu yana da nisa, ku taka ku matsa kusa, domin jawo shi da yatsu kan sa hoto ya yi dishi-dishi.

Kada ku karya reshe ko ku tattake tsirrai don neman wurin tsayawa, kuma kada ku matsa bakin rami ko ruwa mai gudu. Idan mutum zai fito a hoton, ku nemi izininsa.

Aikin wannan mako: ku zaɓi bishiya ɗaya. Ku ɗauke ta da sassafe, da tsakar rana, da kuma dab da faɗuwar rana, daga wuri ɗaya. Ku rubuta jimla biyu a littafinku kan kowane hoto: ina inuwa ta faɗi, kuma wane launi ganye ya yi? Ku zo da su aji na gaba.