Yadda na gyara gwajin bayan gida da ya ƙi nuna amiba

Mako biyu ina duba bayan gidan masu atini a ɗakin gwajinmu, ga majina ga jini, amma madubin duba ƙwayoyin cuta bai nuna amiba ba, wato ƙaramar ƙwayar cutar da ke jawo atini. Na zargi ruwan gishirin da nake dama kashin da shi, na haɗa sabo. Shiru.

Ashe jinkiri ne. Tun asuba ake kawowa daga gida, wasu ma a kwalin ashana, ni kuma sai azahar nake dubawa. Da zarar kashi ya huce, amiba takan daina motsi ta saje da ƙwayoyin mugunya.

Sai na ba da kwalba mai murfi a yi a nan, kada fitsari ya shiga, na duba cikin minti 30. Ɗigo ɗaya na ruwan gishiri 0.85% a gilashi, na lakato kaɗan daga wurin majinar da tsinke, na dama ba kauri, yadda za a iya karanta jarida ta ƙarƙashinsa. Na rage buɗin kondensa, wato abin da ke tara haske a madubin, don haske mai yawa ɓoye amiba yake. Na fara da idon madubi mai ƙara girma sau goma (10x), na koma mai sau arba'in (40x).

Sai ga amibar, wato Entamoeba histolytica, tana rarrafe da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta. Alhamdu lillahi, godiya ga babarmu ta ɗakin gwaji da ta tambayi lokacin kawowa.