Jan makunnin 115/230 da ke bayan kwamfuta: abin dubawa kafin a jona wuta

Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220V da 230V, ta Amurka da Kanada kuwa 120V ce. Kwamfutar tebur ta gwanjo da aka shigo da ita daga can takan iso da saitin ƙasarta, kuma saitin yana jikin akwatin wutarta, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak. Juya bayan kwamfutar, kusa da inda igiyar wuta ke shiga, in mai makunni ce za ka ga ɗan jan makunni mai lamba. Lambar da take bayyane ita ce saitin da ke aiki. Idan 115 ka gani, zare igiyar tukuna, ka sa bakin sukudireba ka tura shi har 230 ta fito sosai. Kada a taɓa shi alhali wuta na ciki.

A cikin fawa-fak ɗin akwai manyan kafasita biyu, wato na'urorin da ke tara wuta, an jona su a jere, galibi kowacce an yi ta don ɗaukar 200V. A saitin 230, wutar gida bayan an mayar da ita DC, wato irin ta batir, takan kai kimanin 325V, su biyun su raba ta, kowacce ta ɗauki wajen 160V, babu matsala. Saitin 115 aikinsa ninka wuta ne, domin wutar Amurka ta kai wannan 325V ɗin. To idan aka ba shi 230V, ita ma ninka ta zai yi, ta doshi 650V, kowace kafasita ta sha fiye da 300V. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi: ƙara kamar ta nakiyar yara, farin hayaƙi, sai ƙauri. Fiyus yakan tsinke, varistor, ɗan abin da ke kare na'ura daga hawan wuta, ya ƙone, kafasita ta kumbura ko ta fashe ta zubar da ruwanta, wani lokaci har diyod ɗin shigar wuta da manyan taransisto biyun da ke jikin ƙarfen sanyaya su tafi. Akasin haka, wato saitin 230 a kan wutar 120V, yawanci kwamfutar ƙin tashi kawai take yi.

Idan abin ya riga ya faru, kada a mayar da makunnin a sake gwadawa. Cire fulogi, cire duk igiyoyin fawa-fak daga madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, da had-dis, ma'ajiyar fayiloli. Sau da yawa ɓarnar takan tsaya a ɓangaren shigar wuta, saboda taransfomar ciki ta raba shi da ɓangaren da ke ciyar da madabod. Amma fawa-fak mai araha ba ya da tabbas, yana iya sakin wuta mai yawa kafin ya mutu. Saboda haka a nemo wani fawa-fak mai lafiya a gwada madabod da RAM guda ɗaya kawai, sai hoto ya fito sannan a jona had-dis ɗin da ke ɗauke da aikin mutane.

Shi ma sabon a gwada shi shi kaɗai kafin a ɗaura. A babban soket mai fil 24, haɗa koriyar waya da kowace baƙa da ɗan guntun waya, sannan a ba shi wuta. Fanka ta juya, sai a auna wayoyin da mitar gwajin wuta ta masu gyara: rawaya 12V, tsakanin 11.4 da 12.6, ja 5V, tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo 3.3V. Juyawar fanka kaɗai ba shaida ba ce. A kula kuma, Dell da HP da yawa suna da soket nasu na daban, launukan nan ba lallai su yi aiki a kansu ba.

Gyaran wanda ya ƙone fa? Sauya fiyus kawai aikin banza ne, sabon ma zai tsinke, ɗaure shi da waya kuwa neman gobara ne. Wanda ba gwani ba kada ya buɗe murfin, don kafasitocin nan sukan riƙe wuta bayan an cire fulogi. Gwani yakan jera ƙwan lantarki mai zare na 60W ko 100W a layin shigar wuta lokacin gwaji: idan ya haska ya dushe, da sauƙi, idan ya tsaya da haske, har yanzu akwai abin da ya haɗe a ciki. Idan ɓarnar ta kai ga taransisto, sayen wani ya fi.

Fawa-fak na zamani mai active PFC, wanda ke daidaita kansa da wutar da aka ba shi, ba shi da wannan makunni, takardar jikinsa za ta nuna 100–240V, haka ma cajar laftof da yawancin monita. Inda mutane suka fi faɗawa yanzu shi ne firintar lesa ta Amurka: an rubuta 110–127V, babu makunni, kuma sitabilaiza ba za ta cece ta ba sai in tana da mafitar 110V mai ƙarfin ɗaukarta. Tana bukatar taransfomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a jikin firintar da kyau, domin hitar cikinta takan ja wuta sosai lokacin ɗumama.