Yadda Ake Nazarin Al'adun Yankunan Masu Magana da Jamusanci Kafin Jarrabawa

Ɗalibin da ke shirin rubuta jarrabawar Jamusanci ya kamata ya fara da taswira, domin harshen ba na ƙasar Jamus kaɗai ba ne. Shi ne harshen hukuma a Ostiriya da Liktenstain, yana cikin harsuna huɗu na ƙasar Suwizalan, ana kuma amfani da shi a Luksamburg da gabashin Beljiyam da yankin Tirol ta Kudu a Italiya. Jamus tana da jihohi 16, Ostiriya 9, Suwizalan kuma gundumomi 26, kowacce da irin lafazinta da bukukuwanta.

Wannan bambanci yana shiga jarrabawa kai tsaye. Jarrabawar matakin B1 (matsakaicin mataki na iya harshe) da ake kira Goethe-Zertifikat, cibiyar Goethe ce ta tsara ta tare da hukumar jarrabawar Jamusanci ta Ostiriya (ÖSD) da Jami'ar Firiburg ta Suwizalan, don haka a sashen sauraro za ka iya jin muryar mutumin Viyana ko na Zurik. A ganina, nan ne ya fi cancantar ka zuba lokacinka. Ka buɗe littafi, ka ja layi ka raba shafi gida uku, ka riƙa rubuta yadda kowace ƙasa take faɗin abu guda. Watan Janairu Januar ne a Jamus, Jänner a Ostiriya. Keke Fahrrad ne a Jamus, Velo a Suwizalan. Jarrabawar kammala sakandare Abitur ce a Jamus, Matura a Ostiriya da Suwizalan. Gaisuwa ma haka take: Moin a arewacin Jamus, Grüß Gott a Bavariya da Ostiriya, Grüezi a Suwizalan. Ka lura kuma cewa 'yan Suwizalan ba sa rubuta harafin ß, ss suke sawa a madadinsa. Littafi shi kaɗai ba zai saba wa kunnenka da wannan ba, saboda haka ka riƙa sauraron labarai daga tashar ARD ta Jamus, da ORF ta Ostiriya, da SRF ta Suwizalan, ko da na minti goma ne a rana.

Game da tarihi, kaɗan mai ma'ana ya wadatar. Jamus tana bikin haɗewarta ranar 3 ga Oktoba tun 1990, Ostiriya tana bikin ranar ƙasa ranar 26 ga Oktoba saboda dokar 1955 da ta mayar da ita 'yar ba-ruwanmu, Suwizalan kuma ranar 1 ga Agusta. Bukukuwa ka koye su tare da garuruwansu: Karneval na Kolon, Fasnacht na Bazel, da Oktoberfest na Munik wanda aka fara a 1810.

Idan jarrabawar Leben in Deutschland za ka yi, wato wadda ake yi wa baƙi kan dokoki da tarihi da zaman rayuwa a Jamus, ka sani tambayoyi 33 ne, uku daga cikinsu kan jihar da kake zaune, don haka kada ka yi sakaci da tambayoyi goma na jiharka da ake zaɓo waɗannan ukun daga cikinsu.

A sashen magana na B1 za a nemi ka gabatar da batu, ka faɗi yadda abin yake a ƙasarku, ka kawo amfaninsa da illarsa. Ka ɗauki al'ada guda a kowane mako, ka shirya bayanin minti uku a kanta, ka ɗauki muryarka da waya, sannan ka saurara ka gyara inda ka yi tuntuɓe.