Sabuwa, 'yar Baljiyam ko ta hannu? Yadda nake duba mota kafin in biya

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a ƙofar gida bayan La'asar, nan Tudun Wadar Zariya, ya zaro waya ya nuna mini hoton wata baƙar mota sai ƙyalli take yi. Ya ce, "Kawu, me ka gani? Ko dai in daure in ci bashin banki in ɗauko sabuwa fil a leda, in huta da zaryar gareji?" Na ce, "Zauna tukuna. Nawa ne a hannunka, kuma wa zai riƙa gyara maka ita?" Ta farko ya amsa nan take. Da aka zo ta biyu sai ya hau sosa ƙeya.

Mota huɗu na riƙe a rayuwata, babu sabuwa ko ɗaya. Amma na tuƙa sababbi na wurin aiki shekara da shekaru, na kuma raka mutane sayen mota har ban san adadi ba. Abin da na gane shi ne, ranar saye ba ita ce ranar kashe kuɗi ba. Kashe kuɗi yana farawa ne washegari.

Bari in sallami sabuwa da wuri, tunda kaɗan daga cikinmu ta shafa. A zamanin iyayenmu, bayan an buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, ma'aikaci mai digiri kan karɓi bashin mota ya ɗauko 504 da ledarta a kujeru. Wannan zamani ya wuce. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin watannin farko na 2024 su shige ta haura 1,500, motoci kuma dala suke bi. Yau miliyan 30 ba ta ba ka sabuwar Corolla. Har yanzu ana haɗa motoci a gida, akwai Peugeot a Kaduna, akwai Innoson a Nnewi, amma su ma ba farashin malamin makaranta ba ne.

Wanda Allah ya hore wa, zai iya biya ba tare da ya taɓa jarin kasuwarsa ko kuɗin makarantar yara ba, kuma ya yi niyyar riƙe ta shekara takwas ko goma, to ya saya, ba zan hana shi ba. Zai san tarihinta tun daga kilomita ta farko, ba ta shan mai kamar tsohuwa, ga garanti, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000. Sai dai ya sani garantin nan da sharaɗi yake: a garejin kamfani za a riƙa yi mata sabis. Ka kai ta wurin yaron unguwa ya kwance wani abu, shi ke nan ka sallama. Ma'ana duk juyen baƙin mai sai ka kama hanyar Kaduna, ko Kano, ko ma Abuja. In kuma ta banki za a bi, ko da irin cinikin murabaha ne da bankin zai sayi motar ya sayar maka da ribar da kuka yanke, ka lissafa abin da za a riƙa cira duk wata. In ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka, motar ce za ta riƙa hawanka.

Akwai wata magana da ta yi yawa a majalisa, wai yanzu mota kadara ce, tunda wanda ya saya a 2020 in ya sayar yau zai karɓi ninkin kuɗinsa. Ya karɓa ɗin, ya je ya sayo irinta mu gani. Naira ce ta faɗi, ba motar ce ta ƙara daraja ba.

Saura mu talakawa. Mu zaɓinmu biyu ne: 'yar Baljiyam, wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, wasu su ce 'yar Kwatano ko tokumbo, sai kuma ta hannu, wadda aka riga aka yi wa lamba aka hau a nan gida. Sunan Baljiyam ɗin ma ya zama lakabi kawai, domin yawancin Toyota da Honda da ka gani an jera a bakin titi daga Amurka da Kanada suka fito. Jama'a sun ɗauka duk 'yar Baljiyam lafiyayya ce. Ba haka ba ne. Da yawansu motocin da suka yi haɗari ne ko ambaliya ta ci, aka saye su a gwanjo can, aka kawo Legas aka buga aka fesa fenti. Ta hannu kuma ba duka ce akwala ba. Motar malamin jami'a a Samaru wadda iyakarta gida, ofis, masallaci, ko ta wata likita a Shika da ba ta wasa da sabis, ta fi 'yar Baljiyam goma da ba ka san asalinsu ba. Wadda za ka guda ita ce wadda ta sha lodin Zariya zuwa Kaduna sahu uku a rana, aka wanke ta aka yi mata kwalliya. Saboda haka ni ba na tambayar "daga ina ta zo?" sai na fara tambayar "wa ya hau ta?"

Kafin ka taka wurin dillalai, ka raba kuɗinka. In miliyan 10 gare ka, motar miliyan 8 za ka nema. Sauran na taya ne, da batir, da sabis, da takardu, da abin da zai ɓullo a watan farko, kuma sai ya ɓullo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Daga nan sai ka je wurin bakanikenka, ba wurin abokanka ba, ka tambaye shi wace mota ce in ta lalace da safe zai samo kayanta a Sabon Gari kafin Azahar. Zai lissafo maka Corolla, da Camry, da Vibe wadda injin Toyota ne a cikinta, da 406, da Golf. Kowace da halinta. Camry ɗin da ake kira Muscle, ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, an san ta da shan baƙin mai. Honda Accord tana da daɗin tuƙi amma tana son a kula da ƙafarta, in ka yi sakaci wata rana a tsakiyar PZ za ta durƙusa. Ita 406 bel take amfani da shi wajen saita lokacin inji, in ya tsinke kana cikin tafiya ɓarnar ba ƙarama ba ce, alhali Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙa gare ta. Ka duba tsayinta daga ƙasa kuma, in unguwarku irin wadda damina ke mayarwa kwari da tudu ce. Sai girman inji. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, masu silinda shida suka yi araha a kasuwa. Arahar nan tarko ce, a gidan mai za ka biya cikon.

Yanzu ranar dubawa, wadda ita ce gaba ɗayan maganar.

Da safe ake duba mota, rana ta fito, inji da sanyinsa. Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Motata ta biyu bayan Magariba na gan ta a ƙarƙashin fitila, dillalin ya riga ya ɗumama ta, yana ta ce mini, "Alhaji, wallahi akwai wanda zai zo da kuɗi gobe da sassafe." Na biya. Kwana tara tsakani, ina hanyar Kaduna, daidai Jaji allurar zafi ta haye sama, hayaƙi ya turnuƙe bonet. Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya daɗe da ƙonewa, dabara kawai aka yi mata ta kwana biyu. Tun daga ranar, in na zo na ɗora hannu a bonet na ji ɗumi, sai in ce a bari sai gobe.

Ka tafi da bakanikenka, kai za ka biya shi kuɗin wuninsa, kuma kada ka bari a ja shi gefe. Kun gane.

Ka fara da murza makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gaban direba su kama, har da mai hoton inji da ta jakar iskan nan ta haɗari. In ka tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi don a ɓoye matsala. Sa wani ya tayar kai kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi inji na cin baƙin mai ke nan. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan mota ta yi ɗumi, ruwa ne ke shiga inji. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Buɗe marfin baƙin mai ka leƙa cikinsa, in ka ga wani abu kamar shayi da madara, ka yi musu sallama. Tun inji na da sanyi a buɗe lagireto a tayar, in ruwan yana ta fitar da kumfa ba ƙaƙƙautawa, labarin Jaji ne zai maimaita kansa. A leƙa ƙarƙashi a ga ko indomi, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, yana nan, domin ana yanke shi a sayar daban. A yau kuma akwai masu na'urar da ake jona wa mota ta karanto abin da kwamfutarta ta adana, kuɗin kaɗan ne, kada ka yi ƙyashi.

Jiki kuma da ido da hannu ake karanta shi. Tsaya daga gefe ka dubi fentin a hasken rana, ƙofar da launinta ya ɗan bambanta an taɓa ta. Ni da ɗan maganaɗisu nake zuwa a aljihu, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cika wurin da fila. Buguwar ƙofa ko bamba ba abin tashin hankali ba ce, a rage kuɗi kawai. Amma ɗaga bonet ka dubi ƙarafunan gaba, ka ɗaga kafet ɗin but ka dubi ramin safaya. In ka ga walda ko lanƙwasa a nan, ƙashin motar ne ya taɓu, har abada za ta riƙa cin taya tana ja gefe. Zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, ka sunsuna ƙarƙashin kafet: tabon laka ko warin ruma alamar ta sha ambaliya ne, kuma wutar irin wannan mota ba ta taɓa daidaita. Motar Kanada a duba mata tsatsa a ƙasa, saboda gishirin da suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara.

Mitar tafiya kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Ka kwatanta da robar birki da sitiyari da kujerar direba. In sun suɗe mita kuma tana cewa 60,000, wani na ƙarya. Ka kuma tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, a zafin Afrilu kan hanyar Kano fashewa take yi.

Sai tuƙi, kuma zagaye ɗaya a layi ba gwaji ba ne. Ni nakan hau titin Samaru zuwa Shika in sake ta, in ji yadda giya ke shiga, ko tana fizga, ko sitiyari na rawa, in taka birki in ga ko za ta karkace. Daga nan in dawo in shiga cunkoson Kwangila ko Ƙofar Doka da esi a kunne, ido a kan allurar zafi. Motar da ta jure wannan ta ci rabin jarrabawa. Mai motar da ya ce ba a fita da ita sai an biya, ka bar masa kayarsa.

Ɗaya rabin takardu ne, kuma nan ne mutane suka fi yin kuka. Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, galibi tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ta dace da ta kan kowace takarda. In motar Amurka ce, sa yaro ya bincika lambar a intanet, sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a gyara. Takardar kwastan ita ce uwa. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka duk wanda ya ce maka "jiya ta shigo daga Kwatano" ka ninka bincike. Kai takardar ofishin kwastan da ƙafarka a tabbatar an biya, zuwa da kai ya fi aike. Wani abokin aikina ya hau motarsa shekara biyu lafiya, ranar da aka tare shi a hanya aka ga takardar ta bogi ce, kuɗin da ya kashe kafin ya karɓo ta ya kusa sayen wata.

In ta hannu ce, ka nemi ganin mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takardar mallaka. Motar gado kuwa sai magada sun sa hannu. A rubuta yarjejeniya da lambar casis da ta inji da farashi, shaidu biyu kowane ɓangare, a haɗa da hoton katin shaidarsa. Kuɗi ta banki za ka tura, zuwa asusun mai sunan, ba na dillali ba. La'ada a yanke ta tun kafin a fara tayi, kowa ya san wa zai biya. Kafin alƙalami kuma kada ka bayar sai an rubuta cewa in takarda ta ƙi za a dawo maka da shi.

Makon farko kada ka ɗauki iyali zuwa ko'ina. A juye baƙin mai da matatarsa ko da an rantse maka jiya aka yi, a duba man giya da birki, in mai bel ce a canza bel ɗin. A mayar da takardu sunanka, ka yanki inshora ta gaske, mafi ƙanƙanta ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ka huta da 'yan Kastiliya, jami'an kula da hanya na jihar Kaduna, da 'yan sanda.

Shi ɗan ƙanwar tawa mun yi mako uku muna yawo, mota biyar muka ƙi, har ya fara fushi da ni. Baƙar nan ta cikin waya ita ce ta biyu da muka ƙi, maganaɗisu ya zame a ƙofofinta uku. A ƙarshe Corolla 2007 ya saya a hannun wani dattijo mai ritaya a Hanwa, launin toka, ƙofar baya da ɗan ƙwarzane, da littafin da yake rubuta ranar kowane sabis a cikin akwatin gaba. Da ragowar kuɗin ya sa taya huɗu da batir. Jiya ya zo yana tambayata nawa ake fesa baƙin fenti, na ce ya bari sai bayan damina.